Kumatun Kaka da Man Ƙwararru

Abin ya fara ne ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Na duba agogo, don haka kada kowa ya yi mini gardama.

Ina zaune a baranda ina karanta jarida, sai ga jikata da gudu. Aji biyar take a firamare. Ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Kaka! Kaka! An zaɓe ni gasar kimiyya!"

"Sallama tukuna," na ce.

Ta koma bakin ƙofa, ta yi sallama, ta dawo tana tsalle. Malamarsu ta ce kowa ya kwatanta abu biyu, ya rubuta abin da ya gani. Ranar Juma'a za a yi gasar. Ita man fuska ta zaɓa.

Ta shiga ɗaki ta fito da abu biyu. Ɗaya man kemis ne, irin wanda kowa ke iya saya. Ɗayan 'yar kwalba ce mai launin ruwan ƙasa.

"Kaka, kai ƙwararre ne?"

Na sauke tabarau. "Ni kike tambaya? Shekara talatin da biyar ina koyarwa! Shugaban makarantarku ma ni na koya masa ƙidaya."

"Yawwa!" ta ce, tana tafi. "To ara mini kumatunka."

Na ara mata. Ni ba na hana yaro neman ilimi.

Ta shafa mini na kemis a kuncin hagu. Ta shafa na kwalbar a kuncin dama. Sannan ta buɗe littafinta, ta tsura mini ido.

"Me kake ji?"

"Hagu sanyi. Dama kuwa kamar tururuwa na yawo."

"Kai, yana aiki!" Ta rubuta da sauri.

Bayan minti biyar, sai na ji kamar an goga mini barkono. Na miƙe tsaye.

"Ke! Ruwa! Kawo ruwa!"

Ihun da na yi ne ya fito da gwaggonta daga ɗaki. 'Yata ce, a asibitin fata take aiki. Tana ganin kwalbar ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Baba, taso!"

Ta ja ni bakin famfo. Ta daɗe tana wanke mini fuska, rigata ta jiƙe sharkaf. Da zafin ya lafa, sai ta juyo.

"Wa ya taɓa jakar aikina?"

"Ni ce, Gwaggo," in ji yarinyar. "Amma fa na karanta! An rubuta a jiki, 'Don ƙwararru kawai.' Shi ya sa ban shafa wa kaina ba. Na tambayi Kaka, ya ce shi ƙwararre ne."

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi faɗa, dariya ta ƙwace mata. Ni ban ga abin dariya ba.

"Zo nan," ta ce da ita. "Ba mai fuskar ake nufi ba, mai shafawar ake nufi. Man kemis an yi shi da sauƙi, don mutum ya shafa da kansa. Wannan kuwa ƙarfi gare shi, fatar sama yake ɗayewa. Sai mun duba fatar mutum, mu gwada ɗan kaɗan, mu tsaya da agogo a hannu. Shekara uku na yi ina koyon wannan aiki."

Sai ta dube ni. "Kai kuma Baba, ba kai ke cewa a karanta kafin a sa hannu ba?"

"Ba ni ake tuhuma ba," na ce.

Washegari kuncina na dama ya yi baƙi, ya fara saɓa. Tela maƙwabcinmu ya hango ni ya ce, "Malam, sabuwar fata ake yi? Allah ya sa alheri!"

Da yamma Gwaggo ta yanke hukunci. "Babu zuwa gasa. Kayan da kika ɗauka ba izini ba za su kai ki ko'ina ba."

Yarinyar ta zauna a ƙasa tana kuka. Ta zo ta riƙe mini hannu.

"Kaka, ka yi haƙuri. Ban san zai ƙona ka ba."

Na dubi Gwaggo. "Dakata. An riga an yi gwajin a fuskata, kuma ba zan sha wannan wahala a banza ba. Za ta je. Amma gaskiya za ta rubuta, duka, har da batun jakar."

Sau uku ta sake rubutun. A na farko ta manta lanƙwasar ƙ har wuri bakwai.

Ranar Juma'a na sa babbar riga, na zauna a kujera kusa da teburinta. Yara suka yi ta tururuwa suna leƙen kumatuna. Ita kuwa ta ɗauki rula tana nunawa.

"Ga hagu, lafiya lau. Ga dama, ku gani da idonku! Ni na jawo wannan. Abin da na koya shi ne, kada ka ɗauki kayan wani ba izini. In ka karanta abu, ka tambayi wanda ya sani kafin ka yi aiki da shi. Man ƙwararru kuma a bar wa ƙwararru."

Aka ɗauki tafi. Ta zo ta biyu! Ta rungume ni har hulata ta faɗi. Gwaggo ta ce nan da mako biyu fatar za ta koma daidai.

Na yi murna ƙwarai, kuma na yafe wa jikata. Amma saura mutum biyu. Gwaggo ta bar jakar aikinta a buɗe, sannan ta yi mini dariya. Tela kuma ya yi mini ba'a a bakin titi. Ina jiran su ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a ƙofar gidana. Su ba ni haƙuri a gaban maƙwabta, da murya mai ƙarfi, yadda na ƙarshen layi ma zai ji.