Makon Da Na Daina Waƙa

"Noemí, wato ajiye ni za ki yi kamar takalmi, ki ga ko za ki yi kewata?"

Efraín ne ya faɗa min haka a ƙofar gidanmu, ransa a ɓace, kuma ban ga laifinsa ba. Ya samu aikin gyaran injuna a gonakin tuffa na Yakima, can nesa da garinmu El Paso, yana so a ɗaura mana aure mu tafi. Ni kuma ga Baba, wanda ciwon suga ya cinye wa idanu bayan rasuwar Mama, ba shi da kowa sai ni.

Abin da ya ƙona wa Efraín rai daga zumuntarmu ya fito. Mu 'yan kaɗan ne daga cocin unguwa, har da Baba. Duk Alhamis muna haɗuwa a falon Gwaggo Eulalia, mu kunna kyandir, mu karanta Bishara, kowa ya faɗi inda ya ga hannun Allah a makonsa. Idan mutum yana magana ba mai katse shi. Sai an sake zagayowa kowa yake faɗin abin da ya taɓa shi a maganar ɗan'uwansa.

Da na kai musu damuwata, Gwaggo ba ta zaɓa min ba. Cewa ta yi in yi mako guda kamar na yanke zan zauna, wani makon kamar na yanke zan tafi, ina addu'a, in lura inda zuciyata za ta samu natsuwa.

"Mako ɗaya ne fa, masoyina..." na ce da Efraín.

"Idan kuma ya yi miki daɗi fa?"



Makon zama ya wuce lami lafiya. Ban kira shi ba. Na share gida tas, na dafa wa Baba wake da barkono yadda yake so, na ce wa kaina ai wannan ita ce natsuwar.

Makon tafiya kuwa kuka na sha. Ina waya da Efraín ina murna, in na ajiye in kalli Baba sai hawaye. Shi ma Baban sai ya canza min. In na miƙa masa hannu ya ture. Ya haɗa kofi da kansa har ya ƙona yatsa. Ranar Lahadi ya ɗauki sandarsa ya bi Don Ruperto, mijin Gwaggo, zuwa coci, mutumin da kullum suke musu a kan ƙwallo. Na ce shi ke nan, fushi yake da ni.

Da Alhamis ta zo na faɗa musu zan zauna, zan sallami Efraín. Baba ya gyara zama ya buɗe baki, Gwaggo ta yi gyaran murya, dole ya haɗiye. Mutumin da ko mai labarai a rediyo ba ya bari ya kai aya, ranar sai da ya jira kowa ya gama, yana ta murza sandarsa.

Da aka zagayo kansa ya juyo daidai inda nake.

"'Yata, ina zaune a nan Eulalia ta ba ki aikin nan. Kin zaci ke kaɗai kika yi shi? Ni ma na yi. A makon tafiyar, na zauna kamar ba kya nan. Ruperto ya koya min hanyar coci, mutanen nan sun raba kwanakin kai ni asibiti a tsakaninsu. Da wuya, amma na iya."

Sai ya ci gaba.

"Ɗaya makon, na zaman, shi ya gagare ni. Ni ba na gani, da kunne nake sanin kina gida. Tun kina ƙarama ba kya wanke ko cokali sai da waƙa. Wancan makon kaf ban ji ki ba... Na rasa mahaifiyarki, ba zan zauna ina jin ke ma kina mutuwa a kicin ba."

Ni ban ma san na daina ba.

Dokar zumunta ta hana ni amsawa. Na durƙusa na kifa kaina a cinyarsa. Don Ruperto yana ta jan hanci wai hayaƙin kyandir ne, Gwaggo ta ce masa ya ji kunya.

Har gobe ina gode wa mutanen falon nan. Ba su yanke min hukunci ba, sun dai ɗauke min rabin kayan da na zaci nawa ne ni kaɗai.

Efraín ya yafe min makonsa, amma ya ce kada in kuskura in sake gwaji da shi.

Ranar aurenmu, a ƙofar coci, na kama hannun Baba zan ja shi kamar yadda na saba. Ya zare a hankali, ya saƙala nawa a cikin nasa.

"Bari, 'yata," ya ce. "Na san hanya. Yau ni zan kai ki."