Sirdin Gaba

"Ramin nan, ka gan shi ko ba ka gan shi ba?"

Thasni ce ke tambaya, tana zaune a gefen titi, gwiwarta na zubar da jini. Mijinta Jamshir na tsaye a kanta, riƙe da dogon kekensu mai sirdi biyu.

"Na gan shi, ruhina. Mantawa na yi in faɗa."

"Ƙarya kake, Ikka! Sau uku ke nan a mako guda!" Ikka take kiransa, wato Yaya, kamar yadda matan garinsu ke kiran mazajensu.

Wanda ke bayan irin wannan keke ba shi da birki, ba ya juya kan keke, ba ya ganin komai sai bayan na gaba. Na gaba ne ke kira: rami, kwana, tsaya. Wata goma da aurensu, kullum bayan sallar asuba suna bin titin bakin teku na Kozhikode, a kudancin Indiya, Jamshir bai taɓa barin ko tsakuwa ta wuce bai kira ta ba, sai a makon nan. Shiri suke yi. Saura mako shida su ɗora keken a jirgi zuwa Sri Lanka, su bi gaɓar teku daga Negombo har Matara. Taswirar na manne a bangon ɗakinsu, ya zagaye duk garin da za su kwana da jan biro.

"Dube ni," ta ce.

Ya dube ta. Ta ɗaga hannu a gefen fuskarsa, ta kaɗa yatsu. Ko ƙiftawa bai yi ba.

"Ikka... tun yaushe?"

Ya jingina keken, ya durƙusa. Wata uku ke nan da likita ya gaya masa. Ganinsa na tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta bututu, kuma bututun kullum ƙara matsewa yake. Babu magani. Shekara guda, ƙila ƙasa da haka, ganin zai tafi gaba ɗaya.

"Shi ne ka ɓoye mini?"

"So nake in ga tekun can da idona, Thasni. In gan ki tsaye a bakinsa. Sau ɗaya kawai..."

"Da kuma ka kai ni ƙarƙashin bas fa?"

Ta kifa kai a ƙirjinsa, tana dukansa tana kuka.

Da ta share fuska ta ce, "Sauka daga gaba. Ni zan ja."

Ta hau. Ƙafarta ko kusa ba ta kai ƙasa ba, ga shi na gaba ne ke tokare nauyin mutum biyu idan an tsaya. Mahaifinta, Moidin Koya mai gyaran keke, shi ya haɗa shi da walda a matsayin kyautar aure, bayan ya auna ƙafar Jamshir da igiya. Shi kaɗai zai iya rage shi.

Ta same shi a rumfarsa yana ɗaure taya. Ya saurare ta har ƙarshe, bai ɗago ba.

"Ba zan yanke ba."

"Uppa..." ta ce, wato Baba a harshensu.

"Mutumin da ya ɗora 'yata a titi wata uku yana lalube? Ki kwaso kayanki ki dawo gida."

"Mijina ne!"

"Na sani. Ni na ba shi." Ya ajiye tayar. "Shekara tara ina ɗaukar uwarki daga gado zuwa banɗaki. Ina ba ta abinci a baki. Na san nauyin abin nan, ke ba ki sani ba. Shekararki ashirin da uku. Ban raine ki don ki ƙare rayuwa kina jan makaho ba."

Thasni ta dube shi. Wannan tsohon shi ya yi mata kitso da hannunsa mai baƙin mai, tun tana aji biyu. Ba ta taɓa tsallake maganarsa ba.

"Uppa, shekara taran nan... ka yi nadamarsu?"

Ya yi jifa da sifana, ta daki bango.

"Fita!"

Washegari da hantsi Jamshir ya turo keken da ƙafa har rumfar, Thasni na biye da shi tana roƙonsa ya koma. Ya yi sallama, ya sunkuyar da kai.

"Uppa, kuna da gaskiya. Na yi laifi. Ga kekenku. Ita ma... in ta yarda, ba zan riƙe ta ba."

"Ikka, ka rufe mini baki!"

Tsohon ya naɗe zaninsa, irin wanda mazan garin ke ɗaurawa, zuwa gwiwa, ya kama kan keken, ya haye sirdin gaba.

"Hau baya."

"Na'am?"

"Kunnen ma ya tafi ne? Na ce hau baya!"

Suka tafi. Thasni ta zauna a kan benci. Mai shayin da ke maƙwabtaka ya miƙo mata baƙin shayi da lemun tsami, ya huce a hannunta ba ta kurɓa ba. Kusan awa guda sannan ta hango su. Rigar Jamshir ta jiƙe sharkaf. Mahaifinta ko gumi babu.

Tsohon ya sauka, ya juya ga surukinsa.

"A hawan gada na ɗauke ƙarfina. Ƙafafuna kawai na bari suna bin feda. Ka ji?"

"Na ji, Uppa. Ai sarƙa ɗaya ce."

"Me ya hana ka magana?"

"Na ɗauka kun gaji ne."

Moidin Koya ya kau da kai. Ya shiga rumfa, ya daɗe yana bincike a cikin wani tsohon gwangwani, ya fito da igiya. Ita ce dai ta ranar nan, da ƙullin tsawon ƙafar Jamshir a jikinta.

"Ke, miƙe tsaye."

Ya durƙusa a gabanta, ya auna daga ƙugu zuwa diddige, ya yi sabon ƙulli can ƙasa da na farko.

"Har saman gadar ya tura mu, mu biyu," ya ce, kamar da igiyar yake magana. "Ku matso da tafiyar. Kar ku jira mako shida."

Ya ɗauko zarto, ya ɗora a kan ƙarfen da ya haɗa da hannunsa. Kafin ya ja, ya tsaya.

"Tambayarki ta jiya. Ko kwana ɗaya ban yi nadama ba. Da za a dawo mini da ita a gadon nan, da na ƙara tara."

Kwana uku bayan haka suka fita bayan asuba, ita a gaba, shi a baya. Kan keken na rawa a hannunta.

"Rami!" ta kira. "Kwana... a hankali... akuya!"

"Akuyar ma sai an kira ta?"

"Yi mini shiru ka taka, malam!"

Ya yi dariya. Suka fito titin bakin teku. Masunta na jan kwale-kwale, hasken rana ya fara sauka a kan ruwa.

"Ikka, dubi dama! Ka ga tekun?"

Ta sake kira.

"Ikka?"

"Na juya, ruhina. Hazo ne kawai. Amma ina ganin mayafinki... shuɗin nan da nake so."

Kore ta yafa.

Hawaye ya rufe mata ido, ta goge da kafaɗa don ba ta isa ta saki kan keken ba. Ƙafafunta suka daina taka feda.

Bai tambaye ta dalili ba. Ta ji sarƙar ta ɗaure a ƙarƙashinta, keken ya ci gaba da tafiya.