Dafin Da Ya Kashe Shanun Baffa

Ciwon ya fara ne a daminar da Sahura ta tare gidan Alhassan a Kore Mairuwa. Jijiya ɗaya ce, daga ƙeya zuwa bayan kunne, amma idan ta motsa sai ka ce garwashi aka ɗora mata. Ko matsefi ba ya iya taɓa kanta.

Alhassan ya kai ta asibiti a Yamai. Likita ta ce akwai allurar botilik, ɗigon dafi ne da bai taka kara ya karya ba, yakan kwantar da jijiyar wajen wata uku, sannan a maimaita. Da ya tambayi asalin dafin, aka ce masa irin wanda ke kama shanu ne idan sun tauna ƙashin mushe. Shi ya kashe wa mahaifin Sahura, Baffa Gidaɗo, shanu goma sha ɗaya a Dogon Kiriya.

"Kada ka gaya wa Baffa," in ji Sahura a mota. "Ka ce allura ce kawai..."

"Sanyin idona, amanarki ya ba ni. Ba zan sa miki abin da ya fi ƙi a bayan idonsa ba."

"In ya hana fa?"

"In koma gobe, in koma jibi."

Ta dube shi, ta gode wa Allah a zuciyarta, ko da yake tsoro bai sake ta ba.

A ruga, Alhassan ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi wa surukinsa bayani, bai rage komai ba. Gidaɗo ya daɗe yana kallon sandarsa.

"Na ga saniya ta kasa ɗaga kai, harshe a waje. Shi za a sa wa yarinyar nan?" Bai taɓa kiran sunanta ba, domin 'yar fari ce. "Kai kuma, da ka yi shiru wa zai sani?"

"Allah, Baffa. Kuma ɗiyarka ce kafin ta zama matata."

Sahura na zaune a gefe, iska ta zame mata mayafi, jijiyar ta harba. Ta cije leɓe, kamar yadda ta saba a gabansa, don kunya ba ta bar ta ta taɓa nuna masa ciwo ba. Amma yau hawaye ya ci amanarta. Tsohon ya ga gashi a cukurkuɗe, a kan nan da uwarta ta saba yini tana yi wa kitso.

"Ina kitson?"

"Shekara biyu ke nan, Baffa..."

Ya ajiye sandar a hankali.

"Sahura," ya ce. Ta ɗago a firgice. "Jibi za mu Yamai. Ni zan riƙe miki kan."