Ƙwayoyin da Ke Ƙarƙashin Matashin Inna

Kwana goma sha ɗaya Inna Saudatu tana kwance a gadon asibiti a Wudil, ko cokali biyu na kunu ba sa wuce mata maƙogwaro. Da an kai bakinta sai ta kau da kai, ta dafe ciki tana nishi, duk ta rame ta zama abin tausayi. Barakatu, matar ɗanta Ja'afar, marainiyar da aka auro daga Kausani, ita ke jinya. Ita ce wanki, ita ce kwashe amai, kuma ita ce shan zagi.

Ranar Juma'a, ɗaki cike da 'yan dubiya, Khaulat yayar Ja'afar ta nuna ta da yatsa. "Me kike barbaɗa wa uwarmu a kunu? Tun da kika karɓi girkinta take ƙarewa! Tattara ki koma ƙauyenku!"

Wayyo Allah... har Ja'afar ya sunkuyar da kai, ya ƙi kare matarsa! Hawaye suka wanke wa Barakatu fuska, amma ko gezau. Ta ɗaga kwanon ta shanye kunun tas a gabansu.

"In da guba, ni zan fara mutuwa. Wallahi Yaya Khaulat, ba inda za ni sai Inna ta tashi. Allah yana kallo!"

Washegari tana gyara shimfiɗa, sai ga ƙullin ƙwayoyi a ƙarƙashin matashi. Khaulat ta zabura za ta warce, Barakatu ta damƙe ta nufi wurin likita.

"Innalillahi! Ba mu muka rubuta wannan ba," in ji likitan da ya biyo ta bakin gadon Inna. "Maganin ciwon gwiwa ne mai ƙarfi. In tsoho ya dinga shan sa ciki wayam, sai ya yi masa gyambo, abinci ya fita ransa. Wa ke ba ta?"

Da ƙyar Inna ta buɗe baki. "Khaulat ce ta sayo a kyamis... Na ce mata yana ƙona min ciki, ta ce in yi shiru kada likita ya yi faɗa. Ashe wannan baiwar Allah za ta ɗora wa laifin!"

Inna ta juya wa 'yarta baya. "Fita. Kada ki dawo sai Barakatu ta yafe miki."

Khaulat ta fice tana rufe fuska da mayafi, Ja'afar ya durƙusa yana neman gafarar matarsa. Bayan kwana biyar, Inna ta cinye malmalar tuwo da miyar kuka, ta riƙo hannun Barakatu tana hawaye.

"'Yata, akwai saura a tukunya?"