Jan Layi a Wuya

Ɗana Harisu mai zane ne. Duk mutumin da ya zana sai ya ja masa jan layi a wuya, don malaminsa ya ce hoton da ba a yanka ba rai yake nema. An tsinci gawarsa a hanyar Yankara, an yi masa yankan rago. Aka ce 'yan bindiga ne.

Abokansa suka mai da shagonsa na Faskari wurin kallon zanensa, ni nake sharewa. Zanensa na ƙarshe, wani dogon mutum mai farar riga, shi kaɗai bai samu layi ba. Wata Alhamis bayan isha'i na ɗauki burushi in ƙarasa masa.

Sai na ji sallama a bayana, murya ba numfashi. Warin ɗanyen fenti ya cika shagon.

"Inna, ajiye burushin nan. Shi ma Harisu sai da na roƙe shi, bai ji ba."

Na haska allon zanen da tocila. Babu kowa a jiki, sai katako. A ƙasa ga sawun ƙafa na fenti, daga allon har bayana. Wani abu mai sanyi ya kwanta a wuyana.