Takalmin Karan Dawa

Ga ta nan gare ku, jikokina.

Ta zo, Iya, mun kasa kunne.

A kasuwar Kurfi Khalil ya fara ganin Ikilima. Ya taho daga jami'a a Dutsin-Ma neman karan dawa, ita kuwa tana tsaron na babanta, Malam Hamma.

"Danga za ka yi, ko shanu gare ka?" in ji ta.

"Takalmi zan yi."

Ta yi dariya har da rufe baki. Ya ce cikin kara akwai abin da ke sa shi tauri, lignin sunansa. In an fitar da shi an gyara, sai ya kama roba ya ƙara mata ƙarfi. Ɗanye kuwa ba sa jituwa. Tun ranar take kiransa Mai Kara.

Da magana ta yi nisa, ya aiko da takalma iri biyu da saƙo a waya: "Sanyin idona, mai duhun na Baba ne. Jan ki ajiye mana, gwajin farko ne, bai gyaru ba."

To, jan ya fi kyau. Shi ta kai wa Baba.

Ranar kasuwa ya tsinke masa a tsakiyar mutane, dattijo ya dawo gida ƙafa a ƙasa.

"Wanda takalminsa bai dawo da ni gida ba, shi zan ba 'ya?"

Nan da nan Yazid, ɗan ƙanensa da ke son Ikilima, ya kawo masa na fata.

Khalil ya zo ya durƙusa a zaure. "Laifina ne, Baba."

Ikilima tana ji daga bayan ƙofa. Ta rubuta masa: "Mai Kara, don me ka ɗauki laifina?"

"Gara a kore ni da a yi miki faɗa."

Wannan amsa ta ƙarasa ta. Ta ɗauko mai duhun ta ajiye gaban mahaifinta.

"Baba, wannan ya aiko maka. Ni na musanya."

Malam Hamma ya ce, "Ashe ke kika tsinka ni a kasuwa."

Ya zura takalmin. Damina guda yana shiga gona da shi, ita kuwa kullum idonta na kan ƙafarsa. Bayan girbi ya kira Khalil.

"Takalmin ya ƙi mutuwa. Turo magabatanka, Allah ya yi muku albarka."

An ɗaura aure a Kurfi, suna zaune a Dutsin-Ma. Yazid ya auri wata Mas'uda 'yar garin Tamawa. Malam Hamma na nan da takalminsa, tsinkakken kuwa yana cikin akwatin Ikilima.