Ramin Cinnaka a Gidan Mai Kek

Ana gab da magariba Mai Kek ta ɗaga marfin faranti, ta tarar kiyashi sun rufe kek ɗin da ta wuni tana yi, har ba a ganin farin samansa. Karo na uku ke nan a mako guda. Babu dabarar da ba ta gwada ba. Ta tsoma ƙafafun tebur cikin gwangwanayen ruwa, ta zagaye buhun sukari da toka, ta goge ƙasa da kananzir har autarta ta riƙa tari. Duk a banza.

Ita kuwa mace ce da ba ta san ja da baya ba. Mijinta ya rasu ya bar mata fili fetal, ita ta ɗauki bulo a kanta har ɗaki biyu da kicin suka tsaya. Daga ita sai Auta, 'yar shekara goma sha huɗu, suke cikin gidan. Yau sai ga ƙwaron da bai kai ƙwayar sukari ba yana neman ƙure ta.

Ta sauke tukunyar tafasasshen ruwa, ta zagaya bayan kicin inda ta taɓa ganin wani rami a gindin katanga, ta juye shi duka, ko bisimilla babu. Wani siririn kuka ya fito daga ƙasa, irin na jariri. Sai gidan ya yi tsit, har kajin maƙwabta suka daina motsi.

Washegari da rana ta faɗi aka fara jifa. Duwatsu na sauka a kan rufin kwano ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. A rana ta uku Auta na kwashe shanya sai ta ƙame, ta faɗi. Da ta tashi, muryar wani tsoho ce ta fito daga bakinta.

"Ku fita."

Maƙwabta suka ce wa Mai Kek ta tattara ta bar gidan, ai bai fi rai ba. Ta ce wanda ya isa ya zo ya ɗauke ta. Amma gaskiya tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba, domin yarinyar ta daina ci, ta daina gane uwarta.

Aka kira wani tsohon malami mai tabarau, ya zo bayan la'asar. Kafin ya buɗe baki da karatu sai ya je ya tsuguna a bakin ramin, ya daɗe yana dubawa.

"Su wa suka ci miki kek?"

"Kiyashi, Malam."

"To wannan ramin cinnaka ne. Cinnaka cizo ya sani, ba shi ya hau miki tebur ba. Kiyashi layinsu ake bi har inda suke fitowa, a toshe." Ya bi layin da yatsa, ya nuna mata wata tsaga a ƙarƙashin tagar kicin. "Ga ɓarayinki. Kin bar jaki kin daki taiki."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Malam ya yi ta karatu, inuwa na tsawo, har hasken ya koma ja. Auta ta fara murɗewa, sannan ta zauna daram ta zuba masa ido.

"Ya isa, kana ƙona ni," in ji muryar tsohon nan daga bakinta.

"Wane ne kai? Me ta yi maka?"

"A ƙarƙashin ramin nan muke tun ba a sa bulo ko ɗaya ba. Cinnakun maƙwabtanmu ne. 'Ya'yana biyu na kwance ta sheƙa musu ruwa. Ƙaramin har yanzu bai buɗe ido ba. Ta bar gidan, in bar mata 'yarta."

Malam ya buɗe baki, Mai Kek ta riga shi.

"Ba inda za ni! Ina kake lokacin da nake ɗaukar bulo a kaina? Ka taɓa miƙo mini ko ɗaya?"

Dutse ya dira a kan kwano. Malam ya ɗaga murya da karatu, muryar da ke bakin yarinyar ta yi ƙara, hannun Auta ya kai ga wuyanta. Nan uwar ta durƙusa ta riƙe hannun.

"Saurara, bawan Allah. Ni ma uwa ce. 'Ya'yanka ban gan su ba, kuma na zalunce su. Ka yi haƙuri, Allah ya ba su lafiya. Ramin nan naku ne, ba ruwan zafi, ba magani, ba mai taɓa shi muddin ina raye. Amma gidan nan, wallahi ko taku ɗaya. Yarinyar nan kuwa ba ta ƙona kowa ba. In kai namiji ne, sake ta ka zo gare ni."



"Bakinki ya fi ruwanki zafi," in ji muryar, a gajiye. "Ki zagaye mana ramin da bulo."

"Bulo ai sana'ata ce. Gobe da safe."

Malam ya sa aljanin ya yi rantsuwa sau uku, ya umarce shi ya fita ta ɗan yatsan ƙafa. Ƙafar ta karkaɗa, yarinyar ta yi atishawa, ta sulale a cinyar uwarta. Can ta buɗe ido, ta dubi rufin, ta dubi duwatsun da ke warwatse a tsakar gida.

"Umma," ta ce da muryarta ta da, "tashi za mu yi?"

Mai Kek ta share hawaye da bakin zani.

"Mu je ina? Tashi ki shiga ɗakinki."